Maiwar Kaka da Shibrar Daji

Ubangiji ne ya ba mu aronta, ya bar mana ita har muka manta aro ce, sa'an nan ya karɓi abarsa. Mun gode masa, ko da yake muryarmu tana rawa.

Kakata, mahaifiyar uwata, ta rasu a Zuru ana gab da girbin maiwa. Ba a ƙauyenta ta cika ba. A gidan hayar Kawuna ne, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bayan gida. Na rubuta wannan ne domin ina tsoron ranar da za a tambayi 'ya'yanmu wace ce ita, su ce wata tsohuwa ce da ta gudo daga daji.

Ranar da aka kai ta, gidan ya cika har waje. Matan zumuntar cocinmu sun zo da tulunansu na kiɗa, suna bugawa a hankali kamar masu lallashin jariri. Ƙanwar uwata, wadda ta yi aure gidan Musulmi a Dabai, ta zo da matan unguwarsu, suka zauna kan tabarma ɗaya da matan zumunta. Waɗannan su ce Allah ya ba da haƙuri, waɗancan su ce Ubangiji ya ta'azantar da ku. Uwata ba ta yi kuka ba, sai wanke kwanukan da aka riga aka wanke take ta yi. Kawu, tsohon soja ne kuma dattijon coci, ya tsaya a ƙofa yana amsa gaisuwa a miƙe, kamar an sa shi gadi.

Can sai ga aminiyar Kaka, wata tsohuwa da suka taso tare suka kuma gudo tare. Ba ta gai da kowa ba. Ta dogara sandarta ta ratsa mata har cikin ɗakin mamaciyar, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallon 'yar maiwar da ke tsaye a bayan gida. Da ta fito sai ta tambaya da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ya yi nauyi:

"To, wa zai shiga?"

Tulunan suka yi shiru. Uwata ta tsayar da wanke-wanke. Kawu ya juyo daga ƙofa, ya dube ni, duk mata suka bi idonsa.

Wanda ba ɗan gidanmu ba ne ba zai gane tambayar ba. A gidanmu ba a sa wuƙa a gonar maiwa sai Kaka ta shiga ita kaɗai ta zaɓi zangarniyoyin da za a ajiye na iri. Takan shiga da sassafe da zaren kaba rataye a wuya. Duk zangarniyar da ta yarda da ita sai ta ɗaura mata kaba. Ba a yi mata magana in tana ciki, ko da akuya ta shiga rumbu. Mu yara mukan zauna a bakin gona muna kallon kara yana motsi, muna gane inda take ba tare da mun gan ta ba. Sai ta fito maza suke shiga. Waɗanda ta ɗaure a yanke su daban, a rataye su a madafa sama da murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har damina ta kewayo. Daga uwar mijinta ta karɓi wannan maiwar, ita ma daga tata. Fara ce sol, ƙwayarta manya, kununta yana da wani zaƙi da ke tsayawa a bayan harshe.

Abin da take tsare maiwar daga gare shi kuwa shi ne shibra. Shibra wata ciyawa ce da ke fitowa a gonar gero da maiwa ba wanda ya shuka ta. Tana ƙarama ba ka bambanta ta da maiwa, ganye ɗaya, kore ɗaya. Sai ta fid da kai za ka ga zangarniyarta siririya ce, da gashi, kuma da ta nuna ba ta jiran mai gona: iska kaɗan ta kaɗa ta, sai ta zubar da ƙwayarta ƙasa. Kaka ba ta tsoron maciji kamar yadda take tsoron shibra. Takan ce, "Maiwa tana riƙe 'ya'yanta sai ka zo. Waccan ba ta san kowa ba." In ta tumɓuke ta ba ta yar da ita a gona, sai ta kai ta can bayan dutse, ta dawo tana kakkaɓe hannu.

Amma akwai shekarar da ruwa ya makara, rumbuna suka ƙare tun maiwa ba ta yi ciki ba. Ina ƙarama sosai, abin da na riƙe shi ne yadda gidan ya daina hayaƙi da rana. Shibra tana riga maiwa nuna. Sai Kaka ta riƙa ɗaukar ƙwarya tana bin gefen gonaki da bakin rafi, tana karkaɗe shibra a ciki, ta dawo ta daka ta yi mana kunu mai ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta kira har da yaran maƙwabciyar da suka shekara ba sa ga maciji da juna saboda iyakar gona. Tana zuba mana tana cewa, "Ku sha, amma kada ku gode mata." Ita kanta ban ga ta kai ludayi baki ba. Daga baya uwata ta gaya mini takan sha ragowar a ɗaka, ta juya wa ƙofa baya.

Hausar Kaka ta kasuwa ce da ta coci. In ranta ya ɓaci takan koma yarenmu, C'lela, in tana wasa ta dawo Hausa. Tun da na shiga makaranta take kirana Malama. Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba sai da murmushi a gefen baki.

Da na tafi jami'a na karanta ilimin halittu. Ina yarinya na ɗauka duniya kamar kasuwa ce da Ubangiji ya tsara: ga layin tsuntsaye, ga layin kifaye, ga na hatsi, kowa da rumfarsa, ba mai shiga ta wani. Wannan tunanin yana kwantar mini da hankali. A jami'a aka tambaye mu mene ne jinsi, wato me ke sa a ce waɗannan halittu biyu abu ɗaya ne, waɗancan kuma daban. Na yi zaton tambayar yara ce. Wani malami ya ce waɗanda ke iya haihuwa da juna, 'ya'yansu ma su haihu, su ne jinsi ɗaya. Wani ya ce a dubi siffa. Wata ta ce a bi asalin jini a ga inda reshe ya rabu. Kowace amsa tana aiki har zuwa wani wuri, sai a kawo wata halitta da ta ƙi shiga. Rannan a ɗakin gwaji aka shimfiɗa mana busassun zangarniyoyi a kan tebur, daga ta gona mai kauri har ta daji mai gashi, da waɗanda ke tsakani, ɗaya tana narkewa cikin ɗaya kamar launin sama da yamma. Aka ce mu nuna inda ta gona ta ƙare. Na tsaya da yatsa a sama har aka tashi.

Da na dawo hutu, lokacin muna ƙauye, muna zaune gindin ɗorawa da rana, Kaka tana ɓarar gyaɗa, Kawu yana gyaran ƙotar fartanya.

"Malama," in ji ta, "ban da tafiya a kan takalmi mai tsini, me suka koya miki?"

Na gaya mata cikin murna, don na ɗauka tsaraba na kawo. Na ce gero da maiwa da shibra dangi ne na jini. Tun da can ciyawar daji ce, mutanen farko suka yi ta zaɓen wadda ba ta zubar da ƙwaya, har ta zama hatsi. In sun yi bununi iska tana kwasar garin furen wannan ta kai wa waccan, shibra kuwa 'yar da aka haifa ce tsakanin ta gona da ta daji.

Kawu ya ajiye fartanya. "Ga ta nan. Daga hatsi ake farawa. Gobe sai ki ce mana biri ne kakanmu."

"Kakanka dai na san shi," in ji Kaka, ba ta ko ɗago ba. "Biri ya fi shi kyauta."

Muka yi dariya, amma Kawu bai saki zancen ba. Ya ce Ubangiji ya halicci kowane abu da jinsinsa, ya kuma gina katanga tsakani. "Dubi doki da jaki. Ka haɗa su su ba ka alfadari. To, alfadari ya taɓa haihuwa? A nan Mai Sama ya ce tsaya."

"Kawu, ku yi haƙuri," na ce, "amma shibra tana haihuwa. Ita ce ma ta fi kowa."

Ya murza gemu. Kawu mutum ne mai gaskiya, ba ya ƙin abin da ya gani da ido. Can ya ce, to, in haka ne ai ba wata matsala. Ashe tun farko abu guda aka halitta, babban gida ɗaya, maiwa da gero da shibra duk ɗakuna ne a cikinsa. Canji a cikin gida ba ya rushe katanga. Maiwa ba za ta taɓa zama itacen kuka ba. Na ce masa malamaina za su tambaya a ina katangar babban gidan take, shi ma ya ce sai su fara nuna masa tasu. Muka yi ta ja, muna jin daɗin kanmu, ba mu lura Kaka ta daina ɓara ba.

"Ku tsaya," ta ce. "Kai ka ce gida ɗaya. Ke kin ce jini ɗaya. Wato duk kun yarda."

"A nan dai mun yarda, Inna," in ji Kawu.

"To ni me nake tumɓukewa tun ina amarya? 'Yar maiwata?"

Ta ci gaba:

"Na ɗauka baƙuwa ce ke shigo mini. Baƙo ana korarsa. In daga cikinta take fitowa fa?" Ta dube ni, a karo na farko ba murmushi. "Malama, ina iyakar take? Nuna mini inda tawa ta ƙare."

Na ce ban sani ba. Ta kwashe gyaɗarta ta shige ɗaka tana magana da C'lela. Har hutun ya ƙare ba ta ƙara tsokanata ba. Ranar da zan koma ta ɗaure mini garin kunu a ƙyalle, ta cusa a jakata, ta ce in riƙa sha kafin in shiga wurin waɗancan mutanen.

Bayan haka ne 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan bayan Bena, har abin ya iso namu. Ba zan ba da labarin ranar ba. Kowa ya fito da abin da hannunsa ya kai. Uwata ta ɗauki yara da bargo. Kaka ta koma cikin madafa ana ihu ana kiranta, ta fito da damin iri a ka, baƙi ƙirin da hayaƙi, ba ko zane na biyu. A motar da ta kawo su Zuru wani ya ce, "Tsohuwa, ba ki ga tufafi ba sai kara?" Ta ce, "Kai da ka ɗauko rediyo, ka dafa shi in yunwa ta zo."

A Zuru ba mu da gona. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, dami yana rataye a madafar matar Kawu. Iri kuwa ba dutse ba ne, yana mutuwa a hankali ba tare da ya canja kama ba. Kaka ta sani. Takan murje 'yan ƙwayoyi ta binne a fasasshen kasko ta zuba ruwa, ta zauna tana jira. Duk gwaji, masu tsirowa suna raguwa.

Wata rana wani dattijo ɗan ƙauyenmu, wanda ya yi kasadar komawa don ya ciro kwanon rufinsa, ya biyo ya gai da ita. Ta tambaye shi gonarta kafin ta tambaye shi ɗakinta. Ya ce gonar ta cika da gyauro, wato abin da ya tsiro da kansa daga ƙwayar da ta zube. Ya fi mutum tsawo. "Amma Iya, ban san me zan kira shi ba. Ba maiwa ba ce, ba kuma shibra ba. Na taɓa kai ɗaya, ya zube mini a hannu kamar yashi."

Da ya tafi Kaka ta kira ni, ta kama wuyan hannuna. Hannunta ya yi sanyi.

"Ba wanda ya shigo ya shuka shi," ta ce. "Barinta kawai aka yi."

"Haka ne, Kaka."

"Waɗanda suka kore mu ma, na ga fuskokinsu. Wata ce ta goya su." Ta saki hannuna. "Ashe ba sai an kawo mugun abu daga nesa ba."

Tun daga ranar ta daina zama a waje. Ta matsa wa Kawu har ya roƙi mai gidan ya bar mu mu share bayan gida, wani fili da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Bana muka zuba dukan irin da ya rage, ba mu bar ko ƙwaya ba, domin ta ce in ya ƙara shekara a rataye gawa za mu shuka. Kaɗan ne suka tsiro. Ga shi kuma bayan katangarmu akwai gonar wani da shibra ta yi wa kaca-kaca a gefe, iska kuwa ba ta san katanga ba. Da maiwar ta yi bununi Kaka ta riƙa zama bakin taga tana jin inda iska ta fito, tana tsaki.

A lokacin yanar ido ta rufe mata gani, hasken rana kawai take bambancewa da inuwa. Ta ce mini, "Bana tare za mu shiga, Malama. Ke ido, ni hannu. Ki gaya mini abin da littafinki ya gani, ni in gaya miki abin da yatsana ya ji." Wannan ne karo na farko da ta yarda wani ya bi ta. Na yi ta jiran ranar kamar yadda ake jiran biki. Zazzaɓi ya riga mu.

Shi ya sa aminiyarta ta yi waccan tambayar, shi ya sa kuma aka dube ni. Kwanakin zaman makoki suka yi ta tafiya, maiwa ta nuna, tsuntsaye suka gano ta. Kowace safiya in na leƙa ta tagar sai in ga sun ƙara cin kan wata. Matar Kawu ta rataya tsofaffin gwangwanaye, ba su hana ba. Ba wanda ya ce mini komai, amma ba wanda ya ɗauki wuƙa. In na shiga na ɗaure wadda jinin daji ya shige ta, baɗi ita za mu shuka, kuma ba wani dami a madafa da za a koma wa. In na ƙi shiga, tsuntsaye su gama mana shawara.

Ran da baƙi suka fara raguwa na nemi kaba na rataya a wuya. Kawu ya biyo ni da kwando ya tsaya a bakin filin. Na shiga. Kara ya rufe ni, hayaniyar gari ta yi nisa, ba na jin komai sai ƙanshin raɓa. Waɗansu ba su ba ni wahala ba: masu kauri, farare, ƙwaya ta matse ƙwaya, na ɗaure su. Waɗansu sirara masu gashi, na wuce su. Sai na iso ga wata a tsakiya. Ta fi duka girma da kyau, irin wadda za a nuna wa baƙo. Amma a wuyanta akwai gashi kaɗan, kuma da na shafa ta ƙwayoyi suka faɗo mini a tafin hannu, ba da yawa ba.

Na san ba a magana a ciki. Duk da haka na kira shi.

"Kawu."

Ya ratso kara ya zo. Ya duƙa ya dube ta, ya dubi tafin hannuna.

"Wace ce wannan?" na tambaye shi.

"Ke ce mai karatu."

"Ban sani ba, Kawu. Ku fa?"

"Ni ma." Ya share fuska da hularsa. "Ita ma ba kullum take sani ba. Ina saurayi na sha leƙenta ta cikin kara. Sai ta tsaya gaban guda ɗaya har rana ta yi zafi, tana magana ita kaɗai. Wani lokaci har da hawaye."

Ban taɓa jin wannan ba. A idona Kaka takan shiga ne ta fito kamar alƙali.

"To me take yi da ita?"

"Ba ta ɗaure ta. Ba ta kuma yar da ita bayan dutse." Ya zaro wuƙa daga aljihu ya miƙo mini ta wajen ƙota. "Ci muke yi."

Na yanke ta na sa a kwando. Waɗanda na ɗaure ba su cika hannu biyu ba, suna nan rataye sama da murhun matar Kawu. Sauran aka sussuke, uwata ta dama kunu aka raba wa waɗanda suka rage a zaman makoki. Aminiyar Kaka ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, ta miƙo ƙwaryar a ƙara mata. Ba ta ce na yi daidai ba, ban kuma tambaye ta ba. Sai ruwa ya sauka baɗi, maiwar ta fid da kai, za mu fara ganin abin da na ɗaure.

Ubangiji, kai ka san iyakar kowane abu, mu ba mu sani ba. Ka karɓi baiwarka da ta tsaya a bakin gona muddin ranta. Ka ba ta hutun da ba a gudu a cikinsa. Mu kuma da ta bari, kada ka bar mu mu kaɗai. Amin.